FILIN AYYUKAN SHA'AWA: Rizga, Muruci Da Kimba A Gaban Kyamara

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A wannan mako filin ayyukan sha'awa zai duba wani aiki wanda ba ya bukatar babban jari ko doguwar tafiya, amma amfaninsa na iya wuce rayuwar mai yinsa, watau ɗaukar hoton saiwoyin da ake ci da kayan yaji, musamman waɗanda suka fara wuyar gani a kasuwa.

Galibin masu riƙe da kyamara, ko wayar hannu mai ɗaukar hoto, ba su san wani abin ɗauka ba sai fuskar mutum: ango da amarya, taron suna, hawan salla, ko ɗalibi cikin rigar kammala makaranta. Wannan ba laifi ba ne. Amma akwai wani reshe na sana'ar hoto, mai asali tun farkonta, inda ake jera abubuwan da ba sa motsi, kamar 'ya'yan itace da tulu da ƙwarya, a daidaita musu haske, sa'an nan a ɗauke su. Dalilin da ya sa aka fara da irin wannan shi ne, kyamarorin farko sukan ɗauki mintoci da yawa kafin hoto ya kama, ba kuwa mutumin da zai iya zama tsawon wannan lokaci bai motsa ba. Shi ya sa ɗaya daga cikin tsofaffin hotunan Louis Daguerre, Bafaranshen nan da aka bayyana wa duniya dabararsa cikin 1839, hoton 'yan gumaka ne da tarkace da ya jera kusa da taga cikin 1837.

ABIN DA KE NEMAN ƁACEWA

Mai karatu na iya tambaya, shin me zai sa mutum da hankalinsa ya durƙusa gaban rizga yana auna ta da kyamara? Amsar tana cikin kasuwa. Duk wanda ya girma a ƙasar Zazzau ko Filato ko Bauci a shekarun baya ya san rizga, 'yar siririyar saiwar nan mai kama da yatsu, wadda akan kankare, a dafa, yara su ɗauka talla da ɗan yaji a gefe. Ya kuma san 'yar'uwarta tumuku, gajera mai ɗan kewaye da duhun ɓawo. Su biyun ba dangin dankali ba ne ko kusa. Masana tsirrai sun sa su gida ɗaya da ɗoɗɗoya da na'a-na'a, kuma tun asali amfanin gonar Afirka ne. Amma rogo da dankali da dankalin Turawa, waɗanda dukkansu baƙi ne daga nahiyar Amurka, sun fi su auki a gona, sun fi su sauƙin fira, sun kuma fi su kasuwa, saboda haka manoma da yawa suka juya musu baya. Cikin 2006 Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta buga littafi a kan kayan lambun Afirka da aka yi wa riƙon sakainar kashi, ta ware babi guda domin waɗannan saiwoyi biyu. A yau akwai samari da 'yan mata, musamman haifaffun Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, waɗanda suka ji sunan rizga a bakin iyaye amma ko an tara ta a gabansu ba za su shaida ta ba.

Ba su kaɗai ba ne. Ga muruci, watau tsiron ƙwallon giginya wanda akan binne, a bar shi watanni ya zura ƙasa, kana a tono a dafa. Yankin Gaya na Jamhuriyar Nijar, kusa da Kamba, ya shahara da shi. Amma kowane murucin da aka ci giginya ce guda da ba za ta tashi ba, ga kuma masu sarar manyan domin azara, ita kuwa giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta fara 'ya'ya. Ga amora, wadda wasu ke kira giginyar biri, mai ɗacin da sai an gurza ta an wanke ruwa bayan ruwa kafin a sami farin garinta. Ga doyar bisa, mai yin 'ya'ya a jikin yaɗonta maimakon cikin ƙasa. Ga saiwar bado, wadda mutanen fadamun Haɗeja da Nguru suka daɗe da sani, wadda ta sha rufa wa talaka asiri a shekarar yunwa.

Har waɗanda ake ganin sun zauna da gindinsu ma ba su tsira ba. Cikin 2009 wata cutar ganye ta auka wa gwaza a Nijeriya, aka kuma gan ta a Kamaru da Gana cikin 2010, manoma da dama suka rasa iri. Cikin 2023 wata cuta ta lalata gonakin citta masu ɗimbin yawa a Kachia da Kagarko da Jaba, yankin da ƙasar nan ta dogara da shi wajen wannan amfanin gona. Irin da aka gada kaka da kakanni na iya salwanta cikin damina ɗaya ko biyu, kuma in ba a ajiye kamanninsa ba, babu yadda za a yi na baya su san abin da aka rasa.

YAJI KAFIN YA SHIGA TURMI

Matsalar kayan yaji daban ce. Su ba ƙarewa suke yi ba, siffarsu ce take ɓuya. A da, uwargida takan sayo kowane da ɗai-ɗai a wurin ɗan koli, ta shanya, ta tsince, ta daka da kanta, 'ya'yanta mata na kallo suna koyo. Yanzu kuwa injin niƙa da ƙullin leda da dunƙulen kanti sun raba mutane da wannan makaranta. Mai jego tana shan yajinta, ta san ɗanɗanonsa sarai, amma da wuya ta iya ware abubuwan da ke cikinsa. Wanda bai san abu da siffarsa ba kuwa, komai aka cakuɗa masa a gari karɓa zai yi.

Alhali waɗannan kaya suna da siffofin da suka cancanci a tsaya a dube su. Kimba kwasfa ce baƙa, siririya, mai ƙulli-ƙulli, tana fitowa a dunƙule kamar yatsun hannu. Masoro ƙwaya ce mai 'yar jela, da jelar nan ake bambanta shi da baƙin masoron da ke zuwa daga Indiya. Kanumfari tohon fure ne da aka tsinke kafin ya buɗe aka shanya. Asalinsa tsibiran Maluku na Indunusiya, daga baya Zanzibar da Pemba suka shahara da shi, sunansa kuwa daga Larabci Hausa ta aro. Citta mai 'ya'ya, wadda take dangi ɗaya da citta mai yatsu da kurkum, tana da ɓawo mai yamutsa idan ta bushe, in an fasa sai ga ƙwayoyi jajaye-jajaye masu farin ciki. Saboda cinikinta ne Turawan da suka fara zuwa ta teku suka raɗa wa gaɓar da ake kira Laberiya a yau sunan gaɓar ƙwaya. Akwai kuma fasaƙwari, da gyaɗar ƙamshi mai zane a jikin ƙwayarta.

Da yawa daga cikin waɗannan a kurmi suke fitowa, fatake ne suka yi ta kai su Arewa tare da goro, shi ya sa kowane yake da suna fiye da ɗaya. Kimba ita ce Ibo ke kira uda, Yarbawa su ce eeru. Masoro shi ne uziza a bakin Ibo, iyere a bakin Yarbawa. Citta mai 'ya'ya kuwa ita ce ataare ta Yarbawa. Wani lokaci sunan ma ruɗarwa yake yi. A Ingilishi ana kiran tumuku da sunan da ke nufin dankalin Hausawa, alhali a bakin Bahaushe dankalin Hausa wani abu ne daban. Haka nan kurkum da saiwar rawaya, tsiron dajin nan da launin rawaya ya samo suna daga gare shi, in an daka su duka biyun gari ne ruwan ɗorawa, amma in an ajiye saiwoyin kafaɗa da kafaɗa ko yaro ba zai haɗa su ba. Wani likita mutumin Sikotilan, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga cikin 1916, kuma masana na cin moriyar aikinsa har gobe. Sai dai suna a takarda ba ya nuna kama. Wannan giɓi ne mai kyamara zai iya cikewa.

WAƊANDA SUKA RIGA SUKA GWADA

Cikin 1981 wani mai tara tsofaffin hotuna, Sean Sexton, ya ci karo da wani akwati a kasuwar gwanjo ta Bermondsey a birnin Landan. Da ya buɗe sai ya tarar da ɗaruruwan hotunan albasa da wake da kabeji da dankali da furanni, kowane an ɗauke shi kusa-kusa a kan shimfiɗa marar ado. Bincike ya nuna aikin wani mai kula da lambu ne, Charles Jones, wanda aka haifa cikin 1866, ya rasu cikin 1959 ba tare da kowa ya san shi da ɗaukar hoto ba. Ya yi hotunan ne a wajen ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, domin sha'awar kansa kawai. Abin da ya ƙara wa aikinsa daraja shi ne, yakan rubuta sunan irin da ya ɗauka a jikin hoton. A yau ana nuna hotunansa a manyan gidajen tarihi, masu lambu kuma suna ganin kamannin irin da kakanninsu suka noma.

A nan gida ma akwai abin koyi, ko da yake ba a kan abinci ba ne. J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu cikin 2014, ya lura cewa salon kitson matan Nijeriya yana sauyawa, wasu suna ɓacewa, sai ya fara ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya tun daga 1968, har ya tara wajen 1,000. Bai nemi ado ba, shimfiɗarsa ɗaya, tsarinsa ɗaya, yana kuma ƙoƙarin sanin sunan kowane kitso da asalinsa. Abin da ya yi wa kitso shi ne har yanzu rizga da muruci da kimba ke jira a yi musu.

YADDA AKE YI

Abu na farko shi ne haske. Ba a bukatar fitilun masu hoto. Bakin ƙofar zaure ko gefen taga ya isa, da hantsi ko bayan la'asar. A ajiye kayan yadda hasken zai zo musu daga gefe, domin hasken gefe shi ke fito da ƙulle-ƙullen kimba da jijiyoyin muruci, na gaba kuwa shafe su yake yi. Rana tsaka ba ta da kyau, inuwarta ta cika kaifi. Idan hasken ya yi yawa sai a rataya farin ƙyalle a taga. Idan ɗaya gefen ya yi duhu sai a jingina farar takarda ta mayar masa da haske. A kashe walƙiyar kyamara, a kuma kashe ƙwan lantarki na ɗaki, gama haɗa hasken rana da na lantarki yana jirkita launi, launi kuwa shaida ce a wannan aiki. Hazon hunturu yana tausasa haske, amma yana cika idon kyamara da ƙura, sai a riƙa gogewa da tattausan ƙyalle.

Na biyu shimfiɗa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: baƙi a kan fari, fari a kan baƙi. Kimba da masoro da kanumfari sun fi fitowa a cikin farar ƙwarya ko kan faifai marar rini. Kankararriyar rizga da muruci da aya sun fi kyau a cikin baƙin akushi. A guji atamfa da tabarma mai zane, domin suna janye ido daga abin da ake so a gani. Kayan gida sun wadatar. Edward Weston, Ba'amurken da hoton tattasansa na 1930 ya zaga duniya, cikin mazurarin gwangwani ya ajiye tattasan, mazurarin ya tattaro masa haske ta kowane gefe.

Na uku tsayuwar hannu. A cikin inuwa kyamara takan daɗe kafin ta rufe ido, rawar hannu kaɗan sai ta ɓata hoto. Wanda ba shi da mazauni mai ƙafa uku sai ya kifa turmi ko ya tara littattafai ya ɗora kyamarar, ya sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa 2 ko 3. Har wa yau, duk sa'ad da aka matsa kusa da abu, wurin da ke fitowa tar yana ƙanƙancewa, sai a ga gaban citta ya fito, bayanta ya dushe. Mai babbar kyamara sai ya tsuke ƙofar haske zuwa lamba 8 ko 11. Mai wayar hannu kuwa gara ya ja baya taƙi ɗaya ko biyu, ya taɓa fuskar wayar daidai kan abin da yake so ya fito, daga baya ya yanke gefen hoton.

Na huɗu ma'auni. Ƙwayar masoro da curin doya na iya cika hoto daidai wa daida, mai kallo ba zai san wanne ne babba ba. Saboda haka a ajiye tsinken ashana ko rula a gefe, a kuma riƙe abu ɗaya a dukkan hotunan.

Ya kamata kowace saiwa ta sami hoto huɗu: yadda aka tono ta da ƙasarta, da ganyenta in an samu, bayan an wanke ta, bayan an yanka ta biyu, sa'an nan yadda ake cin ta. Yankan shi ne na ƙarshe kafin girki, kuma a yi shi bayan an gama shirya komai, domin cikin doya da dankali da danginsu yakan sauya launi da zarar ya sha iska. Kada a shafa mai domin ƙyalli, wannan ƙarya ce a hoto. Tsohon buroshin haƙori ya isa ya fitar da ƙasa daga lungunan citta. Kayan yaji kuwa a ɗauke su da ɓawonsu, da fasasshensu, da garinsu a ɗan cokali. Bayan an gama waɗannan hotuna na shaida, mai sha'awa na da damar ya jera kayansa yadda ransa ke so, ya yi wasa da inuwa, ya nemi kyau tsagwaronsa. Aya, da yake ba ta wuyar samu kuma tana da ɗanya da busasshiya, ja da baƙa, ita ce ta fi dacewa da ɗan koyo.

KASUWA DA LADABINTA

Daga kaka zuwa tsakiyar hunturu ne saiwoyi suka fi fitowa. Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, gida ce ta 'yan koli. Farin Gada a Jos, da Mile 12 a Ikko, da Sasa a Badun, duk wurare ne da kayan gona ke sauka. Amma ƙananan kasuwannin ƙauye masu ci mako-mako su ne suka fi ɓoye abin mamaki, a gaban tsofaffin mata masu kasa kaya a faifai. Kada a ɗaga kyamara a kan kayan mutum ba da izininsa ba, balle a kan fuskarsa. Hanya mafi kyau ita ce a yi sallama, a gaisa, a sayi kashi ɗaya ko biyu, kana a yi tambaya cikin ladabi: Inna, yaya sunan wannan a garinku, ina ake samo shi, yaya ake dafa shi? Wanda ya saya ya fi wanda ya zo kallo samun amsa, kuma amsar tsohuwar nan ita ce rabin aikin.

Duk abin da aka ji a rubuta shi nan take: suna, da sauran sunayen da aka san shi da su, da gari, da kwanan wata, da farashi, da yadda ake sarrafa shi. Hoton da ba shi da wannan bayani ado ne kawai. Kada kuma a bar hotuna a cikin waya kaɗai, gama waya tana lalacewa, tana ɓata, ana kuma sace ta. A wanke mafi kyawunsu a takarda, a rubuta bayanin a baya da fensir, domin tawadar biro takan huda takarda ta ɓata hoto. Idan an ci karo da abin da aka kasa tantancewa, akwai ɗakin adana tsirrai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai kuma na Cibiyar Binciken Gandun Daji a Badun, inda masana wannan fanni suke.

GARGAƊI

Kama da wane ba ta wane. Hoto yana nuna siffa, ba ya nuna guba. Rogo mai ɗaci da mai zaƙi suna kama da juna ƙwarai, alhali mai ɗacin na iya kisa in ba a jiƙa shi an sarrafa shi yadda ya kamata ba. Doyar bisa ta daji da wasu doyoyin jeji suna da dafi, waɗanda suka gaje su ne kaɗai suka san yadda ake fitar da shi. Saboda haka kada wani ya tono saiwa a daji ya kai baki don ta yi kama da wadda ya gani a hoto, ko don wata manhajar waya ta ba shi suna. A kuma nisanta irin waɗannan kaya daga yara yayin da ake aiki, a rubuta gargaɗin a bayan hoton tare da sunan.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsofaffin da suka san waɗannan saiwoyi da sunayensu da dahuwarsu suna nan da rai tukuna, kasuwanni kuma ba su rasa ɗan abin da ya rage ba. Malamin makaranta da ɗalibansa, ko uwargida da 'ya'yanta, in suka ɗauki saiwa ɗaya ko yaji ɗaya kowane mako, kafin shekara ta zagayo sun tara hoto da bayanin abu 52 na garinsu. Wanda ya fara, Allah Ya ba da sa'a. Sai mako mai zuwa.